Kyamarar Ribas a Motocin Karkarar Kano: Lissafin Rayuka da Lissafin Wuta

Mutum 5,421 ne Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta ce sun rasu a haɗurran mota 9,570 a Najeriya cikin shekarar 2024. A 2023 mutum 5,081 aka ƙidaya a haɗurra 10,617. Ke nan haɗurra sun ragu da kusan kashi 10 cikin ɗari, mace-mace kuma sun ƙaru da kusan kashi 7. Jadawalin hukumar yana karkasa musabbabai zuwa gudun wuce sa'a, ƙwacewar mota, fashewar taya, tsinkewar birki, lodin wuce kima, barci a kan sitiyari da makamantansu. Motar da ta yi ribas ta take mutum ba ta da gurbin kanta a cikinsu.

Sau takwas ne, a taƙaice, tazarar da ke tsakanin abin da aka rubuta da abin da aka ƙiyasta. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2018 ya kawo mutum 5,053 a matsayin waɗanda Najeriya ta ba da rahoton rasuwarsu a kan hanya a 2016, alhali ƙiyasin hukumar na wannan shekara ya kusa 40,000. Haɗarin da ya auku a kan titin Kano zuwa Katsina ko na Kano zuwa Daura yana iya shiga littafin jami'ai. Wanda ya auku a ƙofar gida, ko a masussuka, ko a lungun kasuwar ƙauye, da wuya ya je ko'ina bayan an yi jana'iza. Haɗarin ribas na wannan rukuni ne.

Amurka ce ta ƙirga shi daban, shi ya sa alƙalumanta ne ma'aunin da ake da shi. Hukumar kula da lafiyar ababan hawa ta ƙasar, NHTSA, ta bayyana a 2014 cewa kimanin mutum 210 ke mutuwa duk shekara, 15,000 kuma suna jin rauni, sanadin ƙananan motocin da suka ja da baya suka buge su. Akasarin waɗannan haɗurra a harabar gidaje da wuraren ajiye motoci suke aukuwa, ba a kan titi ba, har sai da hukumar ta kafa tsarin ƙidaya na musamman kafin adadin ya fito fili.

Kashi 31 cikin ɗari na mamatan yara ne 'yan ƙasa da shekara 5, kashi 26 kuma tsofaffi ne masu shekara 70 zuwa sama. Rukunan biyu sun haɗa kashi 57. A ƙidayar Amurka ta 2010 yaran da ba su kai shekara 5 ba ba su cika kashi 7 na al'umma ba, don haka kason da suka ɗauka na mace-macen ya kusa ninki biyar na yawansu.

A Najeriya kuwa ƙidayar 2006 ta nuna 'yan ƙasa da shekara 5 sun kai kimanin kashi 16 cikin ɗari, ninki biyu da rabi na kason Amurka. Binciken lafiya da yawan al'umma na ƙasa na 2018 ya sa matsakaicin haihuwar mace a Jihar Kano a kan 'ya'ya 6.5, na ƙasa baki ɗaya kuma 5.3. Ba a ɗauko kason mace-macen wata ƙasa a ɗora wa wata, amma abin da waɗannan lambobi ke faɗa a fili yake: rukunin da ribas ya fi kashewa a can ya fi yawa a nan.

Mutum 467 a kowane murabba'in kilomita shi ne sakamakon raba mutum miliyan 9.4 da ƙidayar 2006 ta ba Jihar Kano a kan faɗin ƙasarta na kimanin murabba'in kilomita 20,000. Tun a 1965 Michael Mortimore na Jami'ar Ahmadu Bello ya shata yankin da ke kewaye da birnin a matsayin karkara mai cunkoso, inda ya ɗauki kimanin mutum 140 a murabba'in kilomita a matsayin iyaka, ya kuma nuna ana nome fiye da kashi 80 cikin ɗari na ƙasar. Ma'anar wannan ga direba ita ce babu fili. A ƙauyukan Bichi, Ɗambatta, Makoɗa, Tsanyawa da Dawakin Tofa, hanyar mota burtali ce tsakanin gonaki ko lungu tsakanin katangu, kuma motar da ta shiga ɗaukar buhunan gero ko kwandunan tumatirin Tomas da Watari sau da dama da baya take fita.

Mota miliyan 14 da aka riga aka yi amfani da su Turai da Amurka da Japan suka fitar tsakanin 2015 da 2018, in ji rahoton 2020 na Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Kashi 40 cikin ɗari, kimanin miliyan 5.6, Afirka suka zo. Wani binciken hukumomin Holan da rahoton ya dogara da shi ya gano akasarin motocin da ake turowa Afirka daga can suna tsakanin shekara 16 da 20. Amurka ta wajabta kyamarar baya a sabbin ƙananan motoci daga 1 ga Mayu 2018. Tarayyar Turai ta wajabta kyamara ko na'urar jin kusanci a duk sabbin motoci daga Yulin 2024. In aka ɗora shekara 16 a kan 2024, motar Beljiyam da dokar Turai ta shafa za ta fara isowa tashar ƙauye wajen 2040. Kafin nan, kyamara aikin rewaya ce.

Peugeot J5 misali ce ta wannan jinkiri. An ƙera ta daga 1981 zuwa farkon shekarun 1990, tare da 'yan uwanta Fiat Ducato da Citroën C25, kuma a Turai an mayar da dubbanta motocin yawon shaƙatawa masu gado da murhu da batir na biyu. A arewacin Najeriya albasa da tumatir da awaki take ɗauka. Mafi ƙuruciyarta ta haura shekara 30, wayoyinta ma haka.

Mita 5 ne tsawon wurin da direban bas ba ya gani a bayansa, bisa wani lissafi na misali. A ɗauka idon direba yana mita 1.7 daga ƙasa, ƙasan gilashin baya yana mita 1.3, tsakaninsu kuma mita 4. Layin ganinsa yana sauka da santimita 10 a kowace mita. Kafin ya sauko kan yaro mai tsawon santimita 80, sai an yi mita 5 daga bayan motar. Wannan a bas ɗin da ba kowa ciki ke nan. In an cika ta da buhuna zuwa rufi, ko an ɗaure ƙofar baya a buɗe da igiya saboda kaya, madubin tsakiya ya tashi daga aiki, saura madubin gefe da yaron mota mai bubbuga jikin mota.

Santimita 80 ɗin ba zaɓin son rai ba ne. Shi ne tsawon gungumen gwaji da dokar Amurka ta tanada a madadin yaro mai tatata. Ma'aunin girman yara na Hukumar Lafiya ta Duniya ya sa ɗan shekara ɗaya a kan kimanin santimita 75, ɗan shekara biyu kuma kimanin 87. Binciken 2018 ya samu kusan kashi 57 cikin ɗari na yaran Kano 'yan ƙasa da shekara 5 sun gaza tsawon da ya dace da shekarunsu, alhali na ƙasa kashi 37 ne. Yaron da ya fi gajarta ya fi daɗewa a cikin wurin da direba ba ya gani.

Kashi 90 cikin ɗari ne, a matsakaici, abin da kyamara ke ragewa daga wannan wuri, in ji gwajin da cibiyar IIHS ta kamfanonin inshorar Amurka ta wallafa a 2014. Sai dai da cibiyar ta koma kan rahotannin 'yan sanda a 2016, ta samu haɗurran ribas sun ragu da kimanin ɗaya cikin shida ne kawai. NHTSA ta ƙiyasta za a tsirar da rai 58 zuwa 69 a shekara idan kowace mota ta samu kyamara, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin uku na mutum 210. Wani nazarin IIHS na 2018 ya nuna haɗa kyamara da na'urar jin kusanci yana rage haɗurran da kashi 42, in an ƙara birki mai kama kansa kuma kashi 78. Tazarar da ke tsakanin kashi 90 da ɗaya cikin shida ita ce direban da bai kalli allo ba, da allon da bai kawo hoto a kan lokaci ba. Ta biyun a hannun mai haɗa wayoyi take.

Dala 132 zuwa 142 NHTSA ta ƙiyasta kuɗin cikakken tsari a mota ɗaya, dala 43 zuwa 45 kuma ga motar da ta riga ta zo da allo. Kusan kashi biyu cikin uku na kuɗin, ke nan, na allo ne.

Bolt 12.6 ne cikakken batirin mota mai gida shida, kowane gida bolt 2.1. Idan ya sauka zuwa wajen 12.2 rabin cajinsa ya tafi. Da inji ya tashi, altaneta tana ɗaga wutar zuwa tsakanin 13.8 da 14.4. Kyamarar da aka rubuta wa bolt 12 an yi ta ne don wannan tsakani. Manyan motoci irin su DAF da akasarin tsofaffin Kanta batir biyu suke jerawa su ba da bolt 24, wanda ke kaiwa kusan 28 lokacin caji, kimanin ninki biyu na abin da kyamarar ke ɗauka. Akwai kyamarori da aka yi domin wutar biyu, kuma ana rubuta hakan a jikin kwali. Dabarar jan waya daga batir ɗaya cikin biyun tana ba da bolt 12, amma tana zuƙe ɗaya ta bar ɗaya, alhali caji iri ɗaya ke bi ta cikinsu. Ƙarshenta ɗaya ya riƙa kwana da yunwa, ɗayan kuma cajin ya yi masa yawa. Na'urar rage wuta daga 24 zuwa 12 ita ce maganin wannan.

Amfiya 0.1 zuwa 0.2 kyamara ke ja, bisa takardun da masu ƙera ta ke haɗowa da ita. Allo mai inci 7 yana jan kimanin 0.3 zuwa 0.6. Jimillarsu ba ta wuce amfiya 0.8 ba, ƙasa da wat 10. Ƙwan fitilar ribas guda mai wat 21 yana jan amfiya 1.75, biyu kuma 3.5. Kyamarar da aka jona a kan wayar fitilar ribas ta ƙara wa layin kimanin kashi 5 cikin ɗari ne kacal. Cin wuta ba shi ne abin dubawa ba. Inda aka ɗebo wutar shi ne.

Amfiya-awa 15.6 ne abin da kyamara da allo masu jan amfiya 0.65 ke sha cikin awa 24 idan an jona su kai tsaye a kan batir ba tare da sun bi ta makulli ba. Batir mai amfiya-awa 75 zai sauka zuwa rabi cikin ƙasa da kwana biyu da rabi. Motar da ke fita ranar kasuwa kawai, ta yi sauran kwanakin mako a ƙarƙashin darbejiya, turi za ta nema. Kyamara ita kaɗai, a kan amfiya 0.15, tana kai batirin ga rabi cikin kimanin kwana 10. Amma in wutar tana zuwa ne lokacin ribas kawai, kuma jimillar ribas ɗin yini minti 10 ce, abin da aka sha bai wuce amfiya-awa 0.11 ba, ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari na adadin farko.

Daƙiƙa 2 ce iyakar da dokar Amurka ta ba allo ya nuna hoto bayan an sa giyar ribas. Motar da ke ja da baya a kan kilomita 5 cikin awa tana cin mita 1.4 a daƙiƙa, don haka daƙiƙa 2 mita 2.8 ce, fiye da rabin wurin da aka lissafa direba ba ya gani. Allon da sai an sa ribas yake samun wuta dole ya farka tukuna ya nemo hoto. In ya ɗauki daƙiƙa 4, mota ta riga ta ci mita 5.6. Saboda haka tsarin da ya fi dacewa da lissafin shi ne kyamara da allo su sha wuta daga layin da makulli ke buɗewa, su zauna a kunne muddin inji na aiki, sannan a ja siririyar waya daga fitilar ribas zuwa allo domin ta umarce shi ya nuna hoto. Wannan yana cin amfiya 0.65 daga altanetar da ke ba da amfiya gommai, kuma yana yankewa da zarar an zare makulli. Wasu motocin Turai na baya-bayan nan suna aika wa fitilar ribas wuta a gutsuttsure domin kwamfutar mota ta gane ƙwan da ya mutu, abin da ke sa hoto rawa. A irin su ana sa rile: wayar fitila ta shiga ƙafa ta 86, ta 85 ta tafi jikin mota, wuta mai fiyus ta shiga ta 30, ta fita ta 87.

Om 39 a kilomita ne iyakar turjiyar lallausar wayar jan ƙarfe mai kaurin rabin murabba'in milimita, a ma'aunin IEC 60228. Mai 0.75 om 26 ce, mai 1.0 kuma 19.5. Toyota Hiace da aka fara ƙerawa a 2004, wadda ake kira Homa, tsawonta mita 4.7 zuwa 5.4 ne, kuma da kwane-kwane waya tana cin kimanin mita 8 daga gaba zuwa baya. Zuwa da dawowa mita 16 ke nan, om 0.62 a siririyar waya. Kyamara mai amfiya 0.2 za ta yi asarar bolt 0.12, kashi ɗaya cikin ɗari. In aka ɗora amfiya 0.8 a kan wayar, asarar ta kai rabin bolt, kashi 4. Ƙa'idar ABYC ta jiragen ruwan Amurka, wadda masu haɗa motocin kwana ke ara, ta sa iyakar kashi 3 ga kayan da ake dogaro da su, wato bolt 0.36. Mai kaurin 0.75 tana sauko da asarar zuwa 0.33.

Kashi 61 cikin ɗari na wutar da jan ƙarfe ke wucewa da ita alminiyam ke iya wucewa da ita a kauri ɗaya. Wayar alminiyam da aka yi wa rufin jan ƙarfe ba ta bambanta a ido, sai an kankare ta farin ya fito, amma turjiyarta ta ɗara da fiye da rabi. Zafi ma yana ƙarawa: jan ƙarfe yana ƙara turjiya da kimanin kashi 0.4 a kowane digiri, don haka waya a ƙarƙashin rufin mota mai digiri 60 a watan Afrilu ta ƙaru da kusan kashi 16 a kan ma'aunin digiri 20.

Amfiya 40 ne abin da zai bi ta siririyar waya mai mita 8 idan bakinta ya goge ya taɓa jikin mota a can baya: bolt 12.6 a raba da om 0.31. Zafin da ke fita ya kai wat 500, a cikin robar da ke kwance ƙarƙashin kujeru ko kusa da buhunan harawa. Fiyus waya yake karewa, ba kyamara ba. Ga kayan da ba su wuce amfiya 0.8 ba, fiyus mai amfiya 2 ko 3 ya isa. A tsarin launukan ISO 8820 na farko ruwan toka ne, na biyu shuni, yayin da ja 10 ne, shuɗi 15, rawaya 20. ABYC ta ce a sa shi cikin inci 7, kimanin santimita 18, daga inda aka ɗebo wuta, domin duk wayar da ke gabansa ba ta da kariya. Silin waya da ake naɗawa a madadin fiyus ɗin da ya ƙone ba shi da lamba, don haka ba shi da wurin shiga wannan lissafi.

Bolt 1 ne gaba ɗaya ƙarfin siginar hoton da ke bi ta wayar bidiyo mai om 75. Wannan ƙanƙanta ce ke sa wurin ɗaure wayar at, wadda ke mayar da wuta batir ta jikin mota, ya zama abin lura. In kyamara ta ɗauki at ɗinta a ƙofar baya, allo kuma a gaba, sannan akwai tsatsa mai om 0.05 a hanyar da amfiya 10 na fitilu ke bi su koma batir, bambancin da ke tsakanin wuraren biyu ya kai rabin bolt, rabin siginar ke nan. Sakamakon shi ne layukan da ke yawo a allo suna bin ƙarar inji. Matsalar ta fi fitowa a motoci masu batir biyu, kwatankwacin motocin kwana na Turai: motar masu tallan magani da lasifika, motar wa'azi, motar da ke kai rigakafi ƙauyuka da firjinta. A irin waɗannan, kyamara da allo su sha daga batir ɗaya, at ɗinsu kuma ya haɗu a ƙusa ɗaya da aka kankare wa fenti.

Amfiya-awa 30 zuwa 35 farantin sola mai wat 100 ke iya tara wa batir na biyun irin waɗannan motoci a yini a Kano, in aka ɗauki hasken rana na kilowat-awa 5.5 zuwa 6 a murabba'in mita da taswirar Bankin Duniya ke nunawa, aka cire kashi 30 na asara da ƙura. Kyamara da allon da aka bari a kunne dare da rana a kan batir na biyu za su cinye kusan rabin wannan.

IP67 a ma'aunin IEC 60529 na nufin ƙura ba ta shiga, kuma na'urar tana jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita 1 har minti 30. Lambar farko, 6, ta hunturu ce. Ta biyu, 7, ta kududdufan Agusta ce. Lambar ta jikin kyamara ce kawai, ba ta haɗa da mahaɗar wayoyi da aka naɗe da salatif a ƙarƙashin bamba ba, kuma ba ta hana ƙura zama a kan gilashin ido.

Digiri 130 da 180 su ne faɗin ganin kyamarori biyun da NHTSA ta yi lissafinta a kansu, domin cika sharaɗin ganin fili mai faɗin mita 3 da tsawon mita 6 a bayan mota. Lambar 170 da ake bugawa a kwalaye sau da yawa daga kusurwa zuwa kusurwa aka auna ta, ba daga hagu zuwa dama ba. A nisan rabin mita daga bamba, kyamara mai digiri 130 tana ganin faɗin mita 2.1, mai digiri 90 kuma mita 1 kacal. Faɗin Hiace mita 1.7 zuwa 1.9 ne. A babbar, kyamara mai digiri 90 tana barin kimanin santimita 45 a kowane gefe ba a gani, daidai inda tayoyin baya za su bi. Gwajin dokar Amurka yana amfani da gungume bakwai masu tsawon santimita 80: uku a mita 6, biyu a mita 3, biyu kuma a santimita 30 daga bamba, a gefen hagu da dama na filin. Ana iya maimaita shi a garejin rewaya da igiyar awo da sanduna bakwai kafin a ɗaure ƙusar ƙarshe.